Shekara Goma Sha Ɗaya Ina Tura Mutane Inda Ƙafata Ba Ta Taɓa Takawa Ba

Akwai tambayar da duk wanda ya taɓa zama a bayan teburin sayar da tikitin jirgi ya san ta. Mutum zai gama sauraronka, ka lissafa masa kuɗin biza da na otal, ka gaya masa inda zai sauya jirgi, har ya sa hannu a aljihu zai zaro kuɗi, sai ya ɗan dakata ya ɗago kai ya ce, "Amma kai ka taɓa zuwa?" Shekara goma sha ɗaya na yi ina amsa wannan tambaya kafin in hau jirgin da ya tsallaka iyakar Najeriya. A shekaru ukun farko ban amsa ta da gaskiya ba, kuma abin da hakan ya jawo wa wani bawan Allah shi ya sa nake ba da labarin nan.

Na shiga aikin a 2012, a wani ƙaramin ofis a Fagge, ba nisa da Wapa inda ake canjin kuɗi. Maigidana abokin mahaifina ne, dattijon da ya fara harkar alhazai tun zamanin Nigeria Airways. Da farko ɗan aike ne ni: in kai fasfo, in karɓo hoto, in bi layin banki, in raka fasinja filin jirgin Malam Aminu Kano in tsaya har kayansa su wuce sikeli. Bayan wata takwas ya biya mini kuɗin koyon Amadeus, manhajar da muke kama kujera da ita. A nan na fara haddace duniya da haruffa uku-uku. KAN Kano, JED Jidda, MED Madina, ADD Addis Ababa, DXB Dubai, CAI Alƙahira. Akwai wani birnin kasuwanci a Chaina, ɗan kasuwa zai ce maka Gwanzu, taswira ta rubuta Guangzhou, ita kuwa kwamfuta sai ka buga mata CAN, daga Canton, tsohon sunan da Turawa ke kiran garin da shi. Da hannuna ya faɗa, har nakan haɗa wa mutum tafiya mai sauyin jirgi biyu cikin minti biyar, sai zuciyata ta raya mini cewa na san garuruwan nan, alhali haruffansu kaɗai na sani.

A layinmu kowa da yadda yake zille wa tambayar. Wani ya ce "ai mu ne hanya", wani ya ce "kullum muna turawa". Ni tawa amsar ita ce, "Haba Alhaji, Gwanzu ai gida ne." Ban ce na je ba, ban kuma ce ban je ba, amma na san sarai abin da mai saurarona zai ɗauka, kuma shi nake so ya ɗauka.

A farkon 2015 wani matashi mai sayar da takalma da jakunkunan mata a kasuwar Ƙofar Wambai ya shigo ofis. Shekara shida yana sarin kaya a hannun masu zuwa Chaina, yana tara ɗan abin da ya samu. Ya sayar da wani filinsa a bayan gari ya haɗa, ya ce bana da ƙafarsa zai je ya ga masu yin kayan ido da ido. Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Ya yi mini tambayar nan, na ba shi amsata ta kullum, na ga hankalinsa ya kwanta. Maigida yana Saudiyya a lokacin yana neman masaukai, ofis yana hannuna. Na buɗe kwamfuta na ga kujeru fal a tsakiyar Fabrairu, na yi murna na kama masa ɗaya, zuwa da dawowa sati biyu. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa jirgin da 'yan kasuwa ke rububinsa ya zama wayam a wannan satin ba.

Ya sauka ranar 17 ga Fabrairu. Ranar 19 ita ce sabuwar shekarar Sinawa.

Kwana biyu da saukarsa wayarsa ta tashe ni wajen ƙarfe uku na dare, a can goma na safe, don sun riga mu da awa bakwai. Muryarsa a sanyaye ya ce, "Malam, garin nan fa a rufe yake." Yana tsaye ne a gaban kasuwar jakunkuna da ke wajen Sanyuanli. Ya ce ƙofofin ƙarfe duk a sauke, an manna musu jajayen takardu, babu mai dako, babu mai shago, sai mai gadi guda da ya yi ta yi masa nuni da hannu cewa ya tafi. Abin da duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa zuwa ya sani, ni ban sani ba: ma'aikatan masana'antu mutanen ƙauyuka ne masu nisa, wannan biki shi ne babbar Sallarsu, sukan fara tafiya gida tun saura sati ko fiye, kuma ko da hutun hukuma ya ƙare, masana'anta ba ta dawowa daidai sai bayan sati biyu, uku, wani lokaci wata guda. Ranar dawowarsa ta zo kafin gari ya gama buɗewa. Dole ya ɗaga tikiti ya biya tara, ya ƙara kwana goma yana cin jarinsa a otal, ya dawo da kayan da bai kai rabin abin da ya tafi nema ba.

Ranar da ya shigo ofis na riga na shirya wa faɗa. Bai yi ba. Ya zauna, muka gaisa har da tambayar iyali, ya ajiye hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "Da ka ce mini ba ka sani ba, da na tambayi wani." Iyakar abin da ya faɗa kenan. Har yau idan na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina, don filin nan da ya sayar a nan ya yi niyyar gina wa mahaifiyarsa ɗaki.

Maigida ya ɗauki kuɗin tara da wani ɓangare na otal, ni kuma na biya saura daga albashina cikin wata huɗu. Na nemi gafararsa ya yafe mini. Da daddare bayan mun rufe, maigida ya ce in zauna. Ya ce shi ma ya yi shekara biyar yana tura alhazai kafin Allah Ya kira shi, kuma ba a taɓa kama shi da irin wannan ba, saboda duk alhajin da ya dawo sai ya je har gida ya yi masa barka, ya zauna ya sha labari. Ya buɗe durowa ya miƙo mini wani dogon littafin lissafi mai baƙin bango, sabo fil, ya ce, "Yaro, matambayi ba ya ɓata. Ka raba shi gari-gari. Duk abin da ka rubuta ka sa kwanan wata da bakin da ka ji shi."

Littafin nan yanzu na biyar nake ciki.

Abu na farko da na gane shi ne, idan ka tambayi Bahaushe yaya tafiya, amsa ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, lafiya lau." Ko da an tsare shi awa shida a filin jirgi, ko da ya kwana da yunwa, lafiya lau zai ce, don ba ya son ya zama mai ƙorafi a kan ni'ima. Sai na koyi bari ya huta kwana uku, in je da 'yar tsarabar lemo, in bar hira ta yi nisa, sannan in ce, "Alhaji, ɗauke ni daga ƙofar jirgi." Da ka fito dama ka yi ko hagu? Me jami'in shige da fice ya tambaye ka? Nawa ka ba mai tasi, kuma da mita ya tafi ko ciniki kuka yi? Daren farko me ka ci? Ina ka yi sallar Juma'a? Tambayar da ta fi kowace fito mini da gaskiya ita ce ta ƙarshe: da ƙaninka ne zai tafi gobe, me za ka ce masa kada ya yi? A nan ne mutum zai gyara zama ya faɗi abin da ya ɓoye.

Da haka Gwanzu ya fara tashi a idona. Na san cewa mutanenmu sun fi sauka a Xiaobei, inda akwai gidajen abincin halal da masu kago, wato masu turo wa 'yan kasuwa kayansu gida, da tafintoci, kuma tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta wurin tana kan layi na 5, ta Sanyuanli kuma tana kan layi na 2. Na san ba kowane otal ne ke karɓar baƙon ƙasar waje ba, don haka sai an tabbatar kafin a biya. Na san mai neman yadi Zhongda zai nufa ko ya wuce Keqiao a Shaoxing, mai neman tayil da kujeru Foshan, mai waya da kayanta Huaqiangbei a Shenzhen, mai ƙananan tarkace kuma irin su kayan kicin da na yara Yiwu ce tasa, wadda take can lardin Zhejiang, tafiya ce ta daban gaba ɗaya. Na san baje kolin Canton sau biyu ake yinsa a shekara, a fara 15 ga Afrilu da 15 ga Oktoba, kashi uku-uku, kowane kashi da irin kayansa, kuma a lokacin kuɗin otal ninkawa yake yi. Na san satin farko na Oktoba ma hutu ne. Wani dattijo ɗan Kwari ya ba ni labarin masallacin da ake cika ranar Juma'a, inda akwai kabarin da mutanen wurin ke dangantawa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi. Da na tambayi malaminmu ya ce malaman tarihi a Baƙi'a ta Madina suka ce an binne shi. Na rubuta duka biyun, don fasinja na iya tambaya.

Ƙa'idata ita ce, abin da na ji a baki ɗaya da fensir nake rubuta shi. Sai baki na biyu wanda bai san na farko ba ya faɗi daidai da shi, sannan in bi da biro. Kuma dole in rubuta wane ne ya faɗa, ba sunansa kaɗai ba, har shekarunsa da ƙarfin aljihunsa. "Kusa ne" a bakin saurayi ɗan shekara talatin daban yake da "kusa ne" a bakin tsohuwa mai ciwon gwiwa. "Ba tsada" a bakin mai loda kwantena uku ba zai amfani mai zuwa da jakar hannu ba.

Babbar malamata a wannan fanni wata Hajiya ce 'yar kasuwa, sa'ar mahaifiyata, da ta yi shekara sama da ashirin tana zirga-zirga tsakanin Dubai da Alƙahira da Istanbul. Ba ta yi boko ba. Ranar da na fara zuwa wajenta da littafina ta kalle ni ta ce, "Ɗana, kai ne na farko a masu yanka mini tikiti da ya taɓa tambayata abin da na gani." Ta sa aka kawo mini kunun aya, ta juya bayan wata ambulan ta zana mini Deira: nan Naif inda ake abaya da mayafai, nan kasuwar zinare, nan mashigin ruwa da ake tsallakawa a ƙaramin jirgin katako, nan lungun da za ka sami tuwo idan cikinka ya gaji da shinkafa. Da na dawo ofis na buɗe taswira a kwamfuta na ajiye ambulan ɗin a gefe, ko lungu ɗaya ba ta kuskure ba. Ita ta koya mini cewa a Istanbul Laleli da Merter da Osmanbey ba kaya iri ɗaya suke sayarwa ba, kuma garin filin jirgi biyu gare shi, ɗaya a ɓangaren Turai ɗaya a ɓangaren Asiya, kada in kuskura in sauke mutum a ɗaya in ɗora shi a ɗayan da ɗan taƙin lokaci. Allah Ya yi mata rasuwa shekara uku da suka wuce. Ambulan ɗin na nan manne a littafina na biyu. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Ba baki kaɗai ba ne. Akwai abin da bakin matafiyi ba zai taɓa isar maka ba, shi ne doka. Mutum zai rantse maka ya wuce ba a tambaye shi katin rigakafi ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma sa'a ya ci. Don haka duk abin da ya shafi biza da fasfo da allura, Timatic nake buɗewa, ma'ajiyar bayanai ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wadda ita ma'aikacin jirgi zai duba kafin ya ba fasinja takardar shiga, sannan in bi da shafin ofishin jakadancin ƙasar. A bangon ofishina kuma kalanda ba ɗaya ba ce. Akwai tamu, akwai ta Hijira, akwai takardar da nake rubuta bukukuwan Sinawa da Diwali na Indiya da ranakun hutun Turkiyya a farkon kowace shekara. Duk wanda ya zo, kafin in taɓa kwamfuta sai na ɗaga kai na kalli bangon nan.

Intanet ta taimake ni ƙwarai, amma sai da na koyi yadda ake karanta ta. Masu yabon otal a can yawancinsu ba irin fasinjojina ba ne. Bature zai ba otal tauraro biyar don wurin ninƙaya da mashaya, ba zai gaya maka ko banɗakin yana da famfon tsarki ba, ko akwai masallaci a kusa, ko za a bar ka ka dafa shayinka a ɗaki. Sai na koma karanta masu ƙorafi, in duba ko abu ɗaya suke ta maimaitawa, in kuma bar hotunan da otal ya ɗauka da kansa in nemi waɗanda baƙi suka ɗauka da wayarsu. Taswira ma haka. A Dubai da Istanbul tana aiki daidai, amma a Chaina taswirar Google takan kauce da ɗaruruwan mitoci, kuma fasinja ba zai ma iya buɗe ta ba idan ya isa, kamar yadda ba zai iya buɗe Facebook ba, WhatsApp ma tun 2017 aka toshe shi. Shi ya sa ba na barin mai zuwa can ya bar ofishina sai na ga WeChat, manhajar saƙo da ke aiki a can, a wayarsa da ta matarsa, na kuma buga masa adireshin otal da rubutun Sinanci a takarda ya sa a aljihun gaba. Wani yaro ɗan unguwarmu da ke aikin kago a Gwanzu ya taɓa yi mini alherin da ba zan manta ba: ya kunna bidiyo daga bakin tashar Xiaobei ya taka har ƙofar wani otal, yana magana yana nuna mini kwana-kwana. Na kalle shi ya fi sau ashirin.

Kamfanonin jiragen sama da manyan otal-otal sukan gayyaci masu irin aikinmu su je su gani da idonsu, kyauta ko da rangwame. Kujera ɗaya ake ba ofis, kuma ta maigida ce, haka ya dace. Duk lokacin da zai tafi nakan ba shi takarda cike da tambayoyi, ya dawo mini da ita a cike da amsa da rubutun ajami.

Tafiyar da ta fi tsorata ni ita ce ta asibiti. Ɗan kasuwa idan na yi kuskure kuɗi zai rasa, amma mai kai 'yarsa aikin zuciya Indiya ba shi da kwana ɗaya na asara. A nan na san iyakata: ban taɓa zaɓar wa mutum asibiti ko likita ba, wannan na likitansa ne. Nawa shi ne in tabbatar katin rigakafin zazzaɓin shawara ya cika kwana goma kafin tafiya, don kafin haka ba a ɗaukarsa a matsayin mai aiki, kuma wanda ya isa Indiya ba shi ana iya killace shi har kwana shida. In tabbatar mai jinya ya sami irin bizarsa, in samo masauki mai kicin kusa da asibitin, in gaya musu Delhi a watan Mayu da Yuni zafi ne da ya kai namu, a Disamba da Janairu kuma sanyi da hazo har jirage kan makara. Wata baiwar Allah da ta yi wata biyu tana jinyar mijinta a can ita ta ce in riƙa gaya wa mata su tafi da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, don maras lafiya yakan ƙi komai sai miyar gida. Tun daga ranar ban fasa faɗa ba.

Sai kuma na koyi cewa sanin gari yana tsufa. A Afrilun 2019 aka kwashe jiragen fasinja daga filin Ataturk zuwa sabon filin Istanbul can arewa da gari, duk lissafin minti da kuɗin tasi da ke littafina ya tashi a banza rana ɗaya. Sannan korona ta zo. A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara, a Maris aka rufe filayen jiragenmu, muka zauna ofis ba ko mai leƙowa. A Afrilu labari ya yi ta zuwa daga Gwanzu na 'yan Afirka da aka fitar daga masaukansu, yaron nan mai kago yana cikinsu, muka yi ta waya ina kwantar masa da hankali ba ni da abin da zan iya yi masa. Chaina ba ta sake buɗewa sosai ba sai 2023, kuma waɗanda suka fara komawa suka dawo suna cewa otal kaza ya rufe, mutanen da suka sani a Xiaobei da yawa sun watse, kuɗin hannu ma ya kusa daina aiki, komai da waya ake biya. Dubai ta mayar da hutun ƙarshen sati Asabar da Lahadi a 2022, a shekarar kuma ta daina ba 'yan Najeriya biza har zuwa 2024. Na ɗauki jan biro na bi shafuka ina sokewa. Aikin shekara biyar ne, kuma na ji zafinsa, amma da a ce ban sa kwanan wata a gefen kowane layi ba, da ban san wanne ya mutu wanne ke da rai ba.

Makka kuwa, tun kafin in gan ta na fi sanin ta a kan kowane gari, don ita ce rabin aikinmu. Na san mai wucewa Jidda kai tsaye da niyyar Umara sai ya shirya haraminsa tun kafin jirgi ya zo daidai miƙati, mai fara sauka Madina kuma a Zul Hulaifa zai ɗaura. Na san jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 ya mayar da tafiyar kilomita 450 ta zama ta awa biyu da 'yan kai. Na san "mita ɗari huɗu zuwa Harami" a takardar otal ba ta nufin komai sai ka san ta wace fuska, don wata tsohuwa ta taɓa dawowa ta gaya mini, ba tare da ƙorafi ba, cewa yawancin sallolinta a ɗaki ta yi su, saboda otal ɗinta a kan hawa yake ta wajen Ajyad, gangarowa da sauƙi, komawa kuwa sai ta tsaya hutu sau uku. Tun daga nan duk otal ɗin da zan sa tsoho sai na sami wanda ya taka hanyar da ƙafarsa ya gaya mini shimfiɗe take ko hawa.

A watan Maulidi na 2023 Allah Ya nufa na tafi Umara da mahaifiyata. Wannan ne karo na farko da na zauna a kujerar da na yi shekara goma sha ɗaya ina sayarwa. Na zaɓar mana otal a titin Ibrahim Khalil ta wajen Misfala, wanda ke rubuce da biro a littafina, baki uku sun tabbatar: minti goma sha biyu, hanya a shimfiɗe. Da motarmu ta shigo titin sai na ji kamar na dawo unguwar da na taɓa zama. Na gane kwanar, na gane kantin maganin da ake kwatance da shi, na ji Hausa na tashi ta ko'ina kamar yadda aka gaya mini. Inna ta ce, "Kai da ka ce ba ka taɓa zuwa ba?" Na ce mata mutane ne suka ara mini idanunsu.

Amma da muka shiga Harami na ɗaga kai na ga Ka'aba, babu ko layi ɗaya a littattafaina biyar da ya shirya ni. Na riƙe hannun keken guragun da nake tura Inna a kai na kasa motsi, ita tana kuka ni ina kuka, duk addu'ar da na haddace ta ɓace mini.

Minti goma sha biyun nan gaskiya ne ga mai tafiya da ƙafarsa da hantsi. Ni da nake tura keke bayan sallar Isha'i, jama'a sun cika titi maƙil, askarawa sun rufe wata hanya sun juya mu ta wata, minti talatin da biyar muka yi. Da muka isa otal kuma sai ga abin da ba wanda ya taɓa ambata mini cikin mutum ukun nan, ni ma ban taɓa tunanin tambaya ba: na'urar hawa bene guda uku ce kacal ga bene mai hawa da yawa, kowa kuma lokaci ɗaya yake dawowa. Muka ƙara kusan kwata muna jira, Inna tana gyangyaɗi a keke. A daren, bayan ta yi barci, na zauna bakin gado na buɗe littafin na ƙara layi a ƙarƙashin otal ɗin, na kuma lissafa tsofaffi nawa na taɓa sawa a cikinsa. Su goma sha huɗu ne. Da na dawo Kano na bi waɗanda ke raye gida-gida, na tambaye su. Kowannensu ya tuna jiran nan, ba wanda ya ga ya kai abin faɗa. Yanzu tambayar na'urar hawa bene tana cikin waɗanda nake yi wa duk wanda ya dawo.

Bayan dawowata da wata biyu wani yaro ya shigo ofis, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai sayar da kayan waya a Farm Centre. Ya ce Shenzhen yake son zuwa ta Gwanzu, farkon Fabrairu, ya ji an ce kujera na da sauƙi a lokacin. Na lissafa masa komai, ya sa hannu a aljihu, sai ya dakata ya kalle ni.

"Yallaɓai, kai ka taɓa zuwa?"

Na ce masa, "Ban taɓa ba, ƙanina. Amma jawo kujera kusa." Na ɗaga kai na kalli bango, sabuwar shekararsu ta 2024 ranar 10 ga Fabrairu ta faɗo. Na sauko da littafi na biyar na buɗe masa shafin Shenzhen, na nuna masa layukan biro da na fensir, na gaya masa bambancinsu. Sannan na ba shi lambar mutum biyu da suka dawo daga can a watan da ya wuce, waɗanda suka yarda a riƙa kiransu, na ce ya je ya ji daga bakinsu tukuna. Ya dawo bayan kwana huɗu, muka kama masa kujera a sati na biyu na Maris.